Rana ba ta ƙarya: abin da ake bin mai tunawa

Hausawa suna da karin magana guda biyu da suke zaune kamar kishiyoyi a gida ɗaya. Ɗaya ta ce waiwaye adon tafiya, ɗayar kuma ta ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ta farko tana yaba wa matafiyin da ya juya ya dubi inda ya fito, ta biyu kuwa tana yi masa kallon wanda yau ta gagara, ya koma ya fake da jiya. Duk shekara, idan ranar wani babban al'amari ta zagayo, na tarihin ƙasa ne ko na filin wasa, waɗannan maganganu biyu sukan sake haɗuwa a bakin jama'a. Rediyo ya buɗe shiri da cewa yau shekara kaza ke nan da aukuwar abu kaza, a tara yara a makarantu, ƙungiyoyin al'adu su shirya lacca da wasan kwaikwayo. Wasu su ce haka ya dace, wasu su ce ɓata lokaci ne da tone-tone. Ƙarƙashin wannan gardama akwai tambaya ta ɗabi'a da ta cancanci a tsaya a kanta: idan al'umma ta keɓe rana domin tunawa, me ya wajaba ta faɗa, kuma a kan me take da izinin yin shiru?

Yadda magabata suka riƙe lokaci

Kafin kalanda ta shiga gidaje, mutanen karkara suna riƙe shekara ne da suna. Tsoho ba ya cewa an haife shi a 1916, sai ya ce ya zo duniya damina biyu bayan Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914. Haka kuma farin 1984, wanda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, ya bar sunan El-Buhari a bakin manoman kudancin Nijar. Ko sunayen mutane kansu ajiyar lokaci ne: Ɗanladi da Asabe suna ɗauke da ranar haihuwarsu, Azumi tana ɗauke da wata, Nomau da Anaruwa suna ɗauke da damina. Abin lura a nan shi ne, magabata ba su tsince shekarun daɗi kaɗai suka raɗa musu suna ba. Hasali ma shekarun wuya su suka fi samun suna, domin sunan yunwa gargaɗi ne: duk yaron da ya tambayi ma'anar Kakalaba zai ji amsa da ta ƙare a kan rumbu, da tanadi, da illar cinye iri. Ko lissafin shekarun Musulunci, da aka tsai da shi a zamanin Halifa Umaru, an fara shi ne daga Hijira, daga barin gida cikin tsanani, alhali akwai ranakun cin yaƙi da za a iya zaɓa.

Kalandar hukuma ta zo da wani tsari. A Nijar an keɓe 18 ga Disamba domin kafa Jamhuriya a 1958, da 3 ga Agusta domin samun ƴancin kai a 1960. A zamanin mulkin soja an riƙa bikin 15 ga Afrilu, ranar da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a 1974, daga baya kuma aka daina. Ranar ba ta fita daga wata ba, abin da ya faru a cikinta ma bai sake ba, hannun da ke riƙe da alƙalami ne ya sauya. Wannan ya isa ya nuna cewa tunawa zaɓe ne. Babu al'ummar da za ta iya tsayawa a kan kowace rana, don haka dole ta ɗauki wasu ta bar wasu, kuma babu laifi a cikin haka. Laifin yana farawa ne lokacin da aka ɗauki rana, aka shiga cikin labarinta, aka fitar da rabin da ke da zaƙi, aka binne rabin da ke da ɗaci. Mai yin haka yana iya gama jawabinsa ba tare da ya furta ƙarya ko ɗaya ba, amma duk da haka ya yaudari masu saurarensa.

Ranaku uku na filin wasa

Filin wasa ya fi kowane wuri sauƙin nuna wannan, domin a can sakamako a fili yake, ba a gardamar wanda ya ci. Idan aka dubi manyan ranakun da ƴan Nijar suke alfahari da su a fagen wasannin duniya, za a ga wani abin mamaki da ba a cika ambata ba.

Rana ta farko tana cikin watan Satumba na 1972, a birnin Munich na ƙasar Jamus, inda Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambarta ta farko a wasannin Olamfik, lambar tagulla a damben zamani. Wannan ne zuwansa na uku. A Tokyo a 1964 shi kaɗai ne ya wakilci ƙasar, ya dawo hannu biyu, ya koma Mexico a 1968, ya sake dawowa ba lamba. A Munich ɗin ma, dambensa na ƙarshe bai ci shi ba: wani ɗan Balgeriya, Angel Angelov, ya rinjaye shi a zagayen kusa da na ƙarshe, kuma ƙa'idar dambe ce ta ba duk wanda ya kai wannan matsayi tagulla. Rana ta biyu ita ce 20 ga Agusta 2016, a birnin Rio na Birazil, bayan shekara 44 ana jira, da Abdulrazak Isufu Alfaga ya samo azurfa a tekwando. Azurfa kuwa lambar wanda aka rinjaya a karon ƙarshe ce, kuma Radik Isaev na Azarbaijan ne ya rinjaye shi a daren nan.

Rana ta uku ta fi su ban al'ajabi. A ranar 8 ga Oktoba 2011 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Mena ta sha kashi da ci 3 ba ko ɗaya a hannun Masar a Alƙahira. A daidai wannan lokaci Afirka ta Kudu ta tashi canjaras da Saliyo a gidanta, ƴan wasanta suka shiga rawa a fili suna zaton sun haye. Ashe ƙasashen uku kowace ta ƙare da maki 9, kuma ƙa'idar gasar ta ce a duba karawar da suka yi a tsakaninsu. Da aka duba sai aka tarar Nijar ce a gaba. Ta haka Mena, a ƙarƙashin mai horarwa Haruna Dula, ta samu shiga gasar Kofin Afirka karo na farko, ta 2012 a Gabon da Ikwatoriyal Gini. Abin da ya cece ta shi ne aikin da ta riga ta yi a Yamai, inda ta cinye wasanninta uku na gida, ciki har da wanda Musa Ma'azu ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya tilo a watan Oktoba 2010, lokacin Masar tana riƙe da kofin sau uku a jere.

To, ga ranaku uku na alfahari, kuma kowace a cikinsu ranar shan kaye ce. Wanda ya ba yara labarinsu ya cire faɗuwar, ya koya musu cewa daraja tana wurin wanda bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba, alhali irin wannan mutum babu shi. Wanda kuwa ya ba da labarin dukansa, ya koya musu cewa Dabore ya yi shekara takwas yana komawa kafin ya ga tagulla, cewa Alfaga ya tashi daga kayen Rio ya zama zakaran duniya a 2017 a Koriya ta Kudu, cewa kuma ba a sanin nauyin rana a ranar da ake cikinta: masu rawa a filinsu su ne suka kwana da baƙin ciki, waɗanda aka ci uku su suka kwana da murna. Darasi na biyu ya fi na farko gaskiya, ya kuma fi shi amfani ga yaron da ya faɗi jarrabawa bana.

Shekarar 1899 da rabinta da ba a so

A fagen tarihi al'amarin ya fi nauyi, domin abin da ake cirewa jini ne. A shekarar 1899 rundunar Faransa da Voulet da Chanoine suke jagoranta ta ratso ƙasar Hausa daga yamma tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ta gamu da Sarauniya Mangu da mutanenta a Lugu. A watan Mayu ta auka wa Birnin Konni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Da labarin ta'asar ya kai Faransa aka aiko Kanar Klobb ya karɓe ragamar, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, ranar da ake bikin ƙasa a Faransa. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka juya musu baya suka kashe Chanoine da Voulet, kuma kaburburansu suna Maijirgi ta wajen Tasawa. Sauran rundunar ta ci gaba, ta yi karo da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan.

Daga cikin duk wannan, sunan Sarauniya ne ya fi tashi, musamman bayan littafin Abdullahi Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Wagadugu a 1987. Yabon gwani ya zama dole, kuma macen da ta tsaya da kwari da baka gaban bindiga ta cancanci a yabe ta. Sai dai ita ma ranar Lugu ranar faɗuwa ce: an shiga garin, mutanensa sun janye cikin daji. Girman Sarauniya yana cikin ƙin miƙa wuya, kuma ba ya bukatar a ƙara masa cin yaƙin da ba a yi ba. Bugu da ƙari, akwai waɗanda labarin jarumta yakan tsallake: mata da yara da tsofaffin Konni da na ƙauyukan hanya, waɗanda ba su bar suna ba, da ƴan dako da aka kama aka ɗora wa kaya har suka faɗi. Akwai kuma gaskiyar da ta fi wuyar haɗiya, cewa Turawan rundunar ƴan ƙalilan ne, mafi yawan hannuwan da suka riƙe bindigogin hannuwan baƙar fata ne, kuma waɗannan hannuwa ne dai suka kawo ƙarshen Voulet da Chanoine. Labarin da ya haɗa da wannan ba ya wanke mulkin mallaka daga laifinsa. Yana ƙara wa mai sauraro wata tambaya da ta shafe shi kai tsaye: a ina biyayya ga umarni take ƙarewa, kuma gari nawa ne zai ƙone kafin mai bindiga ya ce a'a?

Tunawa da riƙo

A nan ne masu karin magana ta biyu suke da hujja, kuma ba hujjar rainawa ba ce. Suna cewa miki in ya fara warkewa ba a sosa shi, ƙasa mai ƙabilu da yawa kuma tana bukatar mantuwa kamar yadda jiki yake bukatar barci. Gaskiya ne akwai tunawar da take guba. Akwai mai tara jama'a ranar makoki domin ya nuna musu maƙwabcinsu da yatsa, akwai mai gadon ƙiyayyar kakansa kamar yadda ake gadon gona. Amma wannan sunansa riƙo, kuma yana da alamar da ake gane shi da ita: mai riƙo shi ma rabin labari yake bayarwa, yana lissafa abin da aka yi masa, yana tsallake abin da nasa suka yi. Ashe mai cika baki da nasara kaɗai da mai riƙo jirgi ɗaya ya kwaso su. Maganin rabin labari kuwa shi ne a cika shi.

Filin kokowa ya daɗe da sanin haka. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko, ana tara ƙartai daga kowace jaha a da'ira ɗaya. Ɗan kokowa in ya shigo yana kirari, da waɗanda ya kayar yake auna kansa, makaɗinsa ma da sunayensu yake zuga shi, domin kayar da rago ba abin kirari ba ne. Ta haka sunan wanda ya faɗi yake rayuwa cikin yabon wanda ya kayar. Kuma al'adar fili ita ce, in kaye ya tabbata, mai nasara ya miƙa hannu ya ta da abokin karawarsa, don ya san baɗi ma rana ce. Ba wanda ya ce a ɓoye cewa an yi kaye, ba wanda kuma ya mai da kaye gaba.

Ranar 24 ga Afrilu tana da irin wannan siffa. A ranar ce a 1995 aka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa, aka kuma keɓe ta da sunan ranar haɗin kan ƙasa. Rana ce da ba wanda ya kai wani ƙasa, kuma darajarta ke nan. A watan Satumba 2000 aka tara makamai aka ƙone a Agadas. Amma a 2007 bindiga ta sake tashi a arewa har zuwa 2009. Wanda ya yi bikin ranar bai ambaci wannan ba, ya hana masu saurarensa sanin cewa sulhu alkawari ne da ake sake dubawa: batun kusantar da mulki ga jama'a, da shigar da tsofaffin mayaƙa cikin ayyukan ƙasa, da raya yankunan makiyaya. Haka nan 9 ga Fabrairu, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy da ke kan kogin Isa a 1990. Ƴan makaranta sun riƙe ta shekara da shekaru, kuma cikakken labarinta ya haɗa da abin da ya biyo baya: amincewar gwamnatin Ali Saibu da tsarin jam'iyyu da yawa, da taron ƙasa na 1991. Mai tuna jinin kaɗai zai tashi da fushi. Mai tuna taron kaɗai zai ɗauka cewa ƴanci kyauta aka ba da shi.

Abin da ya rage a hannun malami

Malamin makaranta da shugaban ƙungiyar al'adu su ne suke tsakanin kalanda da kunnen yaro, don haka amanar a wuyansu take. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan rana ta zagayo, akwai abu uku da ake bin mai magana. Na farko, ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, da shekararsa da wurinsa, ba ƙari ba ragi. Na biyu, ya ambaci wanda ya faɗi da wanda ya biya kuɗin ranar, ko da ba a san sunansa ba. Na uku, ya bar wa masu sauraro wani aiki da za a iya dubawa baɗi. Alal misali, 13 ga Mayu tana tuna fitowar da matan Yamai suka yi a 1991 suna neman a ba su gurbin da ya dace a kwamitin share fagen taron ƙasa, kuma dokar da ta ware wa mata kaso a muƙamai a shekarar 2000 tana cikin ƴaƴan wannan tafiya. Makarantar da ta yi bikin ranar da anko da kiɗa ta yi daidai, amma ma'auninta yana cikin rijistar aji: ɗiya nawa suka fara shekara, nawa suka kai ƙarshenta, ina sauran suka tafi?

Babu misalin da ya fi na icce. A 1975 aka haɗa ranar 3 ga Agusta da dashen itatuwa, kuma tunani ne mai kyau a ɗaura tunawa da aikin hannu. Sai dai kowa ya san makomar dashen da aka yi gaban kyamara aka tafi aka bari ba shinge ba ban-ruwa: kafin rani ya raba, akuya ta gama da shi. Itatuwan da suka sauya fuskar gonakin Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980 akasarinsu ba ranar biki aka dasa su ba. Manoma ne suka riƙa barin tohon gawo da sauran kututture a gonakinsu, suna yi musu aski suna tsaronsu kowace shekara, abin da ake kira sassaben zamani, har masu bincike suka ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta wannan hanya ya kai kimanin hekta miliyan 5. Ranar biki tana iya tunatarwa, amma sauran kwanakin shekara ne suke rayar da icce.

Da haka karin maganar nan biyu suke daina kishi. Mai waiwayen da yake tafiya, adon tafiyarsa ne; wanda ya zauna ya juya wa hanya baya, shi ne bai ji daɗin bana ba. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar tunawa za ta zo a kan lokacinta, ko an shirya ko ba a shirya ba. Dabore, wanda ya rasu a watan Disamba 2021, ya gama nasa, mutanen Lugu da na Konni sun gama nasu, ɗaliban gada ma haka. Waɗanda ranar take zuwa ta bincika su ne masu rai, ta ga ko sun faɗi labarin dukansa, ta kuma ga abin da suka yi da shi tun zuwanta na bara.